Tsakanin Alƙalami da Ɗakin Aure: Amsa ga Mai Sha'awar Rubutun Hajiya Balaraba Ramat

"Assalamu alaikum Malama. Ni matar aure ce, shekarata 29, ina da yara 2, ƙaramin bai kai yaye ba. Tun ina sakandare nake karanta littattafan Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, waɗanda na tarar a akwatin mahaifiyata, kuma har yau ban ga wanda ya fahimci aure da halin da mace take shiga kamar ta ba. Ita ce ta sa na fara rubutu. Kafin aurena na kammala labarai 3, amma yau shekara 4 ke nan ban kammala ko ɗaya ba. Maigidana bai hana ni ba, sai dai bai ɗauki abin da muhimmanci ba. Duk lokacin da na tuna irin wahalar da Hajiya ta sha kuma ta yi rubutu, sai in ji na tsani kaina, in ce ni da nake da digiri da miji mai sauƙin kai ba ni da wata hujja. Wata ƙawata ta ce in riƙa tausaya wa kaina, ni kuwa ina ganin wannan lalaci ne aka sa masa sabon suna. Don Allah mene ne gaskiyar magana? Aure ne yake kashe basira, ko ni ce ba ni da ita tun farko?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Kin tambaye ni ko aure yana kashe basira, kin kuma tambaye ni ko tausaya wa kai lalaci ne, kuma zan amsa duka biyun gwargwadon abin da na gani a shekarun da na yi ina koyar da adabin Hausa da duba rubutun mata kafin a kai shi ɗab'i. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai cikin wasiƙarki shi ne wanda ba ki sa masa alamar tambaya ba, wato yadda marubuciyar da ta fara ɗora miki alƙalami a hannu ta koma bulalar da kike dukan kanki da ita. Daga nan zan fara, domin ina ganin sauran maganar duk a kansa ta rataya.

Abin da Hajiya ta yi, da abin da kika ɗauka daga gare ta

Ba ki yi kuskure ba da kika so rubutunta. Hajiya Balaraba, ƙanwar marigayi Janar Murtala Ramat Muhammed, an haife ta a Kano a ƙarshen shekarun 1950, an cire ta daga makaranta aka yi mata aure ba ta wuce shekara 13 ba, kuma auren bai kai shekara 2 ba ya mutu. Daga baya ta samu shiga ajin yaƙi da jahilci da taimakon mahaifiyarta, ta ci gaba da gina kanta a hankali. Littafinta na farko, Budurwar Zuciya, ya fito a 1987, sannan Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? suka biyo baya a 1990. Tana cikin ƙungiyar marubuta ta Raina Kama tare da su Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba, a lokacin da masu ilimin boko da yawa suke kallon wannan rubutu a matsayin kayan kasuwa kawai. A 2012 wani kamfanin ɗab'i a Indiya ya buga fassarar Turanci ta Alhaki Kuykuyo Ne, wadda Aliyu Kamal ya yi, har mutanen da ba su taɓa jin sunan Sabon Gari ba suka san Rabi da mijinta Alhaji Abdu, taurarin littafin.

To, ki dubi waɗannan shekaru da kyau. Tsakanin ranar da aka cire ta daga aji da ranar da littafinta na farko ya shiga hannun mai karatu akwai kusan shekara 15. Ke littafin kika tarar a akwati, a ɗinke, da bango da suna a jikinsa, amma shekarun nan 15 ba a buga su a bango ba. Kin ɗauki shekarunki 4 na shiru kin auna su da ƙarshen tafiyarta, alhali da tsakiyar tafiyarta ya kamata ki auna su. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma wanda ya tsaya nesa yana hangen dutsen ba ya ganin lungunan da aka bi kafin a isa gindinsa.

Idan kika tambaye ni ina hikimarta take game da sassauta wa kai, zan ce miki tana cikin harshen da ta zaɓa. Mace ce daga gidan da ya fitar da shugaban ƙasa, tana ganin 'yan'uwanta maza sun yi karatu mai zurfi, ita kuwa an yanke mata nata tun yana ɗanye. Hanya mafi sauƙi ita ce ta ce sai ta iya Turanci, sai ta samu takardar shaida, sai ta zama cikakkiya a idon masu raina ta, sannan ta ɗauki alƙalami. Ba ta jira wannan ba, ta yi rubutu da Hausar da take da ita, kuma ta sha faɗin cewa yanke mata karatu da aka yi shi ne dalilin da ya sa da Hausa take rubutu. Wanda ya tsani kansa ba ya iya yin haka, domin ƙin kai kullum cewa yake yi ba ka isa ba tukuna. Sai wanda ya karɓi halin da yake ciki ba tare da ya raina kansa ba ne yake iya fara aiki da ɗan abin da ke hannunsa.

Haka kuma matan da ta ƙirƙira. Rabi, bayan shekaru na zama da mijin da ba ya sauke nauyin gidansa, an kore ta da 'ya'ya 9 saboda amarya. Marubuciyar ta bar ta ta yi kuka, amma ba ta zaunar da ita shafi bayan shafi tana lissafin inda ta gaza a matsayin mata ba, sai muka gan ta ta kama sana'ar abinci tana riƙe 'ya'yanta. Abu ta cikin Wa Zai Auri Jahila? an kira ta jahila saboda karatun da wasu suka hana ta, amma ba ta ɗauki sunan ta rataya a wuya ba, ta gudu daga auren dole ta koma neman ilimi. Ni a karatuna, wannan shi ne zaren da ya ratsa littattafan nan: mace tana iya ganin zaluncin da aka yi mata, ta kuma ga kurakuranta, ba tare da ta yanke wa kanta hukuncin cewa ita ba komai ba ce. Sannan Hajiya ba ta yi mana ƙaryar cewa komai yana ƙarewa da daɗi ba, domin a ƙarshen labarin Rabi mazan danginta ne suka matsa mata ta koma gidan mutumin da ya wulaƙanta ta, bayan dukiyarsa ta ƙare. Ɗalibaina mata sukan fusata da wannan ƙarshe, ni kuwa ina ganin a nan gaskiyar marubuciyar ta fi fitowa, saboda ta san garin da take rubutu a kansa.

Saura hujjar da kike kafawa a kanki, cewa ta fi ki shan wahala kuma ta yi, don haka ba ki da uzuri. Wannan lissafi bai tsaya da ƙafarsa ba. Wahala ba ita ta rubuta littattafan ba, kuma a bayan kowace mace da ta fito daga irin wannan hali da littafi a hannu akwai ɗimbin mata masu basira irin tata waɗanda halin ya haɗiye, ba mu san ko sunayensu ba. Gajiyar mai goyo da ba ta samu barcin awa 4 a jere ba gajiya ce ta gaske, ko da digiri a bangon ɗakinta, ko da mijinta mutumin kirki ne.

Me aure yake ɗauka daga mai rubutu?

Ban taɓa ganin aure ya kashe basira ba, amma na sha ganin ya ɗauke abubuwan da basira take buƙata kafin ta yi aiki. Na farko kowa ya san shi, wato lokaci, kuma matsalar ba ta yawan awannin ba ce kamar yadda ta zama ta gutsurewarsu: minti 10 a nan, minti 5 a can, tsakanin tukunya da kukan yaro da sallamar baƙi. Na biyu kaɗaici ne, domin labari yakan nuna a cikin kai kafin ya sauka a takarda, kuma budurwar da ke ɗakin mahaifiyarta tana da dogon shirun da matar gida ba ta da shi.

Na uku shi ne wanda ba a cika faɗa ba, kuma a ganina shi ya fi cin mata masu rubutu a ƙasar Hausa: kunya da tsoron fassara. Budurwa idan ta rubuta mugun miji, kowa ya san ƙirƙira ce. Matar aure idan ta rubuta mugun miji, sai ta fara tunanin ƙanwar maigida da za ta karanta, da uwar miji da za a kai wa labari, da maƙwabciyar da za ta ce ai da wance take. Masu karatunmu da yawa har yanzu suna ɗaukar duk abin da marubuci ya sa a bakin tauraron labari a matsayin tarihin gidansa. Ga kuma tsohon tabon da aka shafa wa littattafan soyayya cewa suna ɓata tarbiyya, wanda ya kai ga ƙona wasu littattafai a wata makarantar 'yammata a Kano a 2007. Duk wannan yana zaune a kafaɗar mace lokacin da ta buɗe littafin rubutunta, sai ta riƙa tace kowace jimla tun kafin ta sauka, ta cire fushi, ta cire kishi, ta cire duk abin da zai sa a yi zargi, har labarin ya zama ruwa ba gishiri, ita kanta ta gaji da shi a shafi na 10 ta ajiye. Na duba rubuce-rubuce da dama da suka mutu ta wannan hanya. Akwai wata ɗaliba da ta kawo mini babi 3 masu kyau ƙwarai, sai na ga daga inda matar cikin labarin ta shiga gidan miji rubutun ya yi sanyi, kowa ya zama mutumin kirki, ba mai ɗaga murya. Da na tambaye ta, sai ta ce a daidai wannan babin ne ita ma aka ɗaura mata aure. Ki binciki kanki ko labaran da kika fara cikin shekarun nan 4 a irin wannan wuri suke tsayawa. Idan haka ne, ƙarin lokaci kaɗai ba zai warkar da su ba.

Maganin da na ga yana aiki shi ne mace ta shata wa kanta iyaka sau ɗaya, a fili, ta huta. Sirrin da ke tsakaninki da mijinki amana ne, ba ya shiga littafi, haka ma aibin wani ɗan'uwa da za a iya gane shi. Abin da ya rage bayan wannan, wato abin da kika fahimta game da haƙuri da kishi da talauci da zaman surukai, naki ne, kuma kina da damar ki ba wa mutanen da kika ƙirƙira, a wani gari, a wani gida, da wasu sunaye. Idan iyakar ta tabbata a zuciyarki, ba sai kin sake yin shari'a da kanki a kan kowace jimla ba.

Game da miji kuwa, tarihi ya nuna mana gefe biyu masu nisa da juna. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, Wazirin Sakkwato, wanda shi ma marubuci ne, kuma bayan rasuwar Shehu a 1817 su biyun sun yi hidimar tattarawa da adana rubuce-rubucensa. Ta yi rubutu da Fulatanci da Hausa da Larabci, ta kafa tsarin 'Yan Taru na karantar da matan karkara ta hannun jajoji, wato malamai mata masu jagorantar su, kuma da mijin ya rasu ta yi masa marsiyya. Amma ko ita, aikinta na farko da aka sani na 1820 ne, tana da kimanin shekara 27, bayan ta daɗe a ɗakin aure tana haihuwa da reno, kuma mafi yawan waƙoƙinta sun zo ne bayan wannan da shekaru. A ɗaya gefen akwai Buchi Emecheta, marubuciyar Najeriya da ta zauna a Ingila, wadda mijinta ya ƙone rubutun littafinta na farko, ta fita daga auren tana da shekara 22 ta yi renon 'ya'ya 5 ita kaɗai, tana aiki tana karatu, tana rubutu da asuba kafin yaran su tashi, har ta sake rubuta wancan littafin da aka ƙone ya fito a 1976.

Maigidanki ba ya cikin ɗayan biyun nan, yana inda mafi yawan maza suke, wato bai hana ba kuma bai taya ba. Irin wannan miji ba a cika samun komai daga gare shi da dogon bayani a kan muhimmancin adabi ba, kuma jiran ya fahimci abin da rubutu yake nufi a ranki kafin ki fara zai iya cin wasu shekaru 4. Abin da yake amsawa shi ne buƙata ƙarama mai suna da lokaci. Ki zaɓi sa'ar da hankalinsa yake kwance, ki ce masa kina son ranar Asabar daga bayan la'asar zuwa magariba ya fita da babban yaron, ko ya kai shi wajen kakarsa, domin akwai labarin da kike son kammalawa cikin wata 2. Sau da yawa namijin da ya yi kunnen uwar shegu da maganar "ina son in zama marubuciya" yakan amsa wannan ba tare da gardama ba, saboda ya san farkonsa da ƙarshensa. Kuma na sha ganin ra'ayin maigida ya sauya ranar da ya riƙe abu kammalalle a hannunsa, ko ya ji wani a waje ya yaba. Ban ce hakan adalci ne ba, amma haka na ga abin yana gudana. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ke kika san mijinki da lokacin da ake yi masa magana ta shiga.

Tausaya wa kai ko son jiki?

Ƙawarki ta faɗa miki gaskiya, amma tsoron da kike ji ma yana da tushe, domin akwai mutanen da suke fakewa da irin wannan magana su kwanta. Sai a rarrabe. Masaniyar halayyar ɗan'adam Kristin Neff ta Jami'ar Texas a Amurka, wadda ta fara auna wannan ɗabi'a a binciken ilimi a 2003, ta bayyana ta da abubuwa 3: mutum ya yi wa kansa magana da taushin da zai yi wa aboki idan ya kasa, ya tuna cewa gazawa abu ne da kowane ɗan'adam yake tarayya a cikinsa, sannan ya kalli ɓacin ransa yadda yake, kada ya musanta shi kuma kada ya nutse a cikinsa. Babu inda aka ce a daina aiki ko a rage ingancinsa. A 2010 wasu masu bincike a Jami'ar Carleton ta Kanada sun bi ɗaliban shekarar farko tsakanin jarrabawa biyu, suka tarar cewa waɗanda suka yafe wa kansu jan ƙafar da suka yi wajen karatun jarrabawar farko sun fi sauran rage jan ƙafa a ta biyu. Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa gudun wani aiki: idan buɗe littafin rubutunki yana tuna miki cewa ke kasasshiya ce, zuciyarki za ta riƙa kauce masa kamar yadda ƙafa take kauce wa ƙaya, sai ki ga kin tashi wanke kwanon da ba ya buƙatar wanki. Zargin kai da kike ɗauka shi ne mai tura ki gaba, shi ne ya mayar da teburin rubutu wurin azaba.

Mu kuwa ba sai mun je Texas neman asalin wannan ba. Buhari ya ruwaito cewa Salmanul Farisi ya ziyarci ɗan'uwansa Abud Darda'i ya tarar ya ƙuntata wa kansa da iyalinsa da azumi da tsayuwar dare, sai ya ce masa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka ma suna da haƙƙi a kanka, ka bai wa kowane mai haƙƙi haƙƙinsa, kuma da maganar ta isa ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya ce Salmanu ya yi gaskiya. An kuma ruwaito cewa ya ga igiya a ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu a masallaci, aka ce ta Zainab ce, tana riƙewa idan ta gaji da sallah, sai ya ce a kwance ta, mutum ya yi sallah gwargwadon nishaɗinsa, idan ya gaji ya zauna. Idan a nafila, wadda ta fi kowane littafi daraja, an hana mutum ɗaure kansa da igiya, ban ga hujjar da mai goyo za ta ɗaure kanta da igiyar zargi saboda labari ba. Kuma hadisin Nana A'isha cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, ban san wata ƙa'idar rubutu da ta fi shi amfani ga matar aure ba.

Hanyar da nake bi in gane bambancin, a kaina da a kan ɗalibaina, ita ce duba abin da ya faru washegari. Son jiki yakan ce ba komai, a bari sai yara sun girma, kuma ba ya sa rana. Tausayi yakan ce jiya ɗan nan bai bar ki kin runtsa ba, don haka ba laifi da ba ki rubuta komai ba, yau idan ya yi barcin rana ki rubuta rabin shafi. Ɗaya yana ƙarewa da rufe littafi, ɗayan yana ƙarewa da buɗe shi. Sannan tsananin da kike da shi kada ki zubar, yana da wurin aiki. Ni kaina idan na ɗauki jan biro a kan rubutun ɗaliba ba na jin tausayin jimlar da ba ta da amfani, nakan soke shafi guda idan ya cancanta, amma ban taɓa rubuta wa wata a gefen takarda cewa ba ta da baiwa ba, domin takardar nake gyarawa. Ki yi wa kanki irin wannan: ki tsananta wa shafin, ki bar mai shafin ta sha iska. Kuma kada ki haɗa ranar rubutu da ranar gyara, domin mai tsinke kowane tsiro don ya duba saiwarsa ba zai ga amfanin gona ba.

Ta inda za ki fara

Kada ki koma kan dogon littafi yanzu, kuma kada ki fara sakin labari shafi-shafi a zaurukan WhatsApp ko Wattpad, inda masu karatu suke neman ci gaba kullum suna ƙorafi idan an yi jinkiri. Wannan tsari ya fitar da marubuta mata da yawa kuma ina girmama shi, amma ga wadda take fama da zargin kai zai ƙara mata masu bin ta bashi ne. Ki ɗauki gajeren labari guda ɗaya mai kalmomi 1,000 zuwa 1,500, wanda shi ne tsawon da gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara domin mata a 2016, ta saba nema. Ko kin shiga gasar ko ba ki shiga ba, wannan tsawon abu ne da mai yara 2 za ta iya gani ƙarshensa. Abin da ya zo miki a kai kina girki ko kina shayarwa, ki naɗe shi da murya a wayarki cikin minti ɗaya, ranar Asabar ki zauna ki juye, ta yadda ba za ki fuskanci farar takarda ba.

Littattafan Hajiya kuma ki sake ɗauko su, amma wannan karon ki zauna gabansu zaman almajiri. Ki zaɓi fage ɗaya, misali ranar da rikici ya ɓarke tsakanin Rabi da amarya, ki kwafe shi da hannunki, ki lura da inda ta fara fagen, da abin da ta bari mutane suka faɗa da bakinsu, da abin da ta tsallake ba ta bayyana ba, da inda ta yanke. Za ki ga dabaru da ake iya koya, za ki kuma ga wuraren da ke da kanki za ki ce da an taƙaita, kuma ganin hakan ba rashin ladabi ba ne, shi ne alamar kin fara karatu da idon mai sana'a. Idan akwai reshen Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya a jiharku, ko wata ƙungiyar marubuta mata irin su Mace Mutum da Kallabi, ki nemi ko mutum ɗaya daga ciki da za ku riƙa musayar rubutu.

Akwai abu ɗaya da ya wuce fagena, kuma ba zan rufe ba tare da na faɗe shi ba. Kin rubuta cewa kina jin kin tsani kanki, kuma kina da jariri. Ni malamar adabi ce, ba likita ba, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 tana fuskantar matsalar damuwa bayan haihuwa, kuma cuta ce da ake magancewa. Idan wannan jin bai tsaya kan rubutu ba, idan kin ga fiye da mako 2 ba kya jin daɗin komai, ko barci ya ƙi zuwa ko da yaron ya yi barci, ko kuka yana zuwa ba dalili, ko wani tunanin cutar da kai ya taɓa gilma miki, to ki gaya wa maigidanki ko mahaifiyarki, ki kuma faɗa wa ma'aikaciyar lafiya a asibitin da kike kai yaron rigakafi. Wannan ya gabaci duk shawarar da na ba ki a sama.

Tambayarki ta ƙarshe, ko kina da basira tun farko, hukuncinta yana kan takarda, kuma labaranki ba su zo hannuna ba. Abin da wasiƙarki ta nuna mini shi ne kin kammala labarai 3 kafin aurenki, alhali yawancin masu cewa suna son rubutu ba su taɓa kai ɗaya ƙarshe ba, kuma bayan shekara 4 abin bai daina damunki ba. Idan kin gama sabon labarin, ki ajiye shi mako 2 ba ki duba ba, sannan ki karanta shi da ƙarfi ke kaɗai a ɗaki, ki gyara duk inda harshenki ya yi tuntuɓe, ki turo mini in duba miki da jan birona. Allah ya raya yaran, ya ƙara muku zaman lafiya.